Bayan takobi sai me? 'Yan kokowar ƙasar Arewa da kujerar sharhi da har yanzu ba ta zama tasu ba

A ƙarshen watan Disamban 2024, a filin kokowa na Salma Ɗan Rani da ke birnin Dosso, Abba Ibrahim na Yamai ya raba Kadri Abdou, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, da takobin ƙasa a karon ƙarshe na gasar kokowar gargajiya karo na 45. A gida aka yi abin, a gaban mutanen jihar da Issaka ya ɗaukaka sunanta har sau shida, biyu na ƙarshe a Diffa da Agadez.

Kaye ba baƙon abu ba ne a kokowa, sarki goma zamani goma. Amma wannan ranar ta sake tayar da tambayar da ake yi ƙasa-ƙasa a majalisun shayi daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri: idan gwiwa ta gaji, baya ya ƙi lanƙwasuwa, ina ɗan kokowa ke dosa?

A ƙasashen da kokowa ta zama babbar kasuwa, ɗaya daga cikin amsoshin ita ce makirufo. Wanda ya sha ƙasa kuma ya shayar da wasu yakan koma gefen fili, ya zauna kusa da ɗan jarida, ya riƙa fassara wa masu kallo abin da idonsu bai kama ba, kuma a biya shi. A Nijar, inda babu wasan da ya kai kokowa farin jini, wannan kujera ba ta zama sana'a ba tukuna. 'Yan jarida ne ke riƙe da sharhi a rediyo da talabijin, tsohon zakara kuwa idan an kira shi, galibi baƙo ne na 'yan mintoci: a tambaye shi wa yake ganin zai yi nasara, ya yi addu'ar a tashi lafiya, a karɓe makirufo.

Ƙasar da ke haifar 'yan kokowa

Arewar da ake nufi a nan ba Arewacin Najeriya ba ce. Ƙasar Arawa ce, wadda ta bi kwarin Dallol Mawri, ta haɗa Dogon Dutsi, Matankari, Ɗankasari, Kiyeshe, Dogon Kirya da Sukukutan, ta gangara Tibiri, Gecheme, Kore Mai Ruwa da Dumega, sannan ta tsallaka iyaka zuwa Kangiwa a jihar Kebbi. Tibiri ta zama gunduma mai cin gashin kanta ne a 2011, kafin nan duk ƙarƙashin Dogon Dutsi suke.

A wannan yanki kokowa ta girmi gwamnati. Wasan kaka ne: idan an yanke gero an ɗaure dammuna, samarin wannan gari su ɗauki makaɗansu su tafi wancan gari, a share dandali, a yi da'ira, a kama. Wanda ya yi kaye sunansa ya zagaya kasuwanni, iyayen 'yan mata su san da zamansa. Ba tikiti, ba agogo, ba alƙali mai usur. Dattawan da suka taɓa kamawa su ne ke raba gardama, kuma su ne ke zaunar da yaro bayan an watse su gaya masa inda ya yi sake. Wato sharhi yana nan tun fil azal, sai dai a gindin bishiya ake yin sa.

Gwamnatin Seyni Kountché ce ta ɗauko wasan daga dandalin ƙauye ta mai da shi gasar ƙasa a 1975, inda aka fara a Tahoua, Yacouba Ango Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko. Salma Ɗan Rani na Dosso da Kadade na Tahoua suna cikin wannan sahun farko da rediyon ƙasa ya kai sunayensu kowace bukka. Yau jihohi takwas ne ke kawo 'yan kokowa goma-goma, tamanin ke nan, a shafe kusan kwana goma ana gwabzawa, a juya gasar daga wannan jiha zuwa waccan. Kafin mutum ya shiga cikin goman Dosso sai ya tsallake tankaɗe da rairaya tun daga matakin ƙaramar hukuma da na gunduma, kuma a nan ne ake ganin yawan waɗanda ƙasar Arewa ke fitarwa da yawan waɗanda ke komawa gida hannu rabbana.

Mutum ɗaya ne ke ɗaukar takobi da doki da miliyoyin sefa, sai kyaututtukan 'yan kasuwa da na masu mulki su biyo baya. Sauran saba'in da tara kowa da abin da ya samu, waɗanda suka faɗi tun a zagayen farko kuwa ba su fi kuɗin guzuri da karin 'yan kallo ba. Bayan gasa a koma gona, ko fawa, ko dako, ko a bi wasannin rani a garuruwan kan iyaka har cikin Sakkwato da Kebbi. Babu fansho a wannan sana'a. Shekarun da jiki ke bayarwa kaɗan ne, ciwon gwiwa da na kafaɗa da na ƙugu kuma su ne ke raka mutum har tsufa. Sunan Salma yana jikin ƙofar filin Dosso, kamar yadda na Kantu ke Maraɗi, na Langa-Langa ke Damagaram. Girmamawa ce babba, amma suna a bango ba ya sayen buhun gero.

Yadda wasu suka yi

Matasan da suka taso da kallon resilin a gidajen kallo sun san muryoyin tsofaffin 'yan wasa irin su Jerry Lawler da Booker T a teburin sharhi. Wanda labarinsa ya fi dacewa da wannan batu shi ne Jesse Ventura. A 1984, yana tsakiyar tashe a kamfanin WWF, likitoci suka gano gudajin jini a huhunsa, abin da ya karya masa sana'ar dandali. Maimakon ya ɓace, sai ya koma sharhi, ya yi suna wajen ɗaukar ɓangaren ɗan wasan da 'yan kallo suka tsana da kuma faɗin abin da abokin sharhinsa ke kauce wa. Bayan ya bar kamfanin a 1990 ya kai shi kotu kan kaset-kaset ɗin bidiyo da ake sayarwa da muryarsa ba tare da an ba shi kaso ba, kuma a 1994 aka yanke a biya shi kusan dala 800,000. A 1998 mutanen jihar Minnesota suka zaɓe shi gwamna.

Resilin ɗin Amurka wasan kwaikwayo ne da ake tsara wanda zai yi nasara tun kafin a hau, don haka ba a haɗa shi da kokowar Dosso inda kaye kaye ne. Abin ɗauka a labarin Ventura shi ne shari'ar: kotu ta amince cewa murya da sanin tsohon ɗan wasa dukiya ce mai farashi.

Japan ta fi kusa da Nijar ta fuskar al'ada, domin sumo ma kokowa ce ta gaske mai cike da tsarface-tsarface. Kitanofuji, wanda ya kai matsayi mafi girma a wasan kuma ya lashe manyan gasa goma, ya koma sharhi a tashar NHK daga 1998, ya shafe fiye da shekara ashirin yana yi. Ya rasu a Nuwamban 2024 yana da shekara 82, kuma da yawa daga cikin masu jimaminsa ba su taɓa ganin ya kama kowa ba, da muryarsa suka san shi.

A nan kusa kuma akwai Senegal, inda 'yan kasuwa masu zaman kansu ke shirya karo, manyan 'yan kokowa ke karɓar sefa miliyan ɗari ko fiye a karo guda, gidajen talabijin ke gogayya kan haƙƙin nunawa. A can tsohon zakara irin Tapha Guèye na unguwar Fass ya zama fuskar da aka saba gani yana warware karo a talabijin. Ba wai 'yan kokowar Dakar sun fi na Dogon Dutsi iya magana ba ne. Kasuwa ce ta buɗe kujerar, saboda tashar da ke son ta fi kishiyarta masu kallo dole ta nemo wanda ya san abin da yake faɗa.

Me ya hana a Nijar?

Amsar farko kuɗi ne da tsari. Kokowar Nijar a hannun gwamnati take: ma'aikatar wasanni da hukumar kokowa ta FENILUTTES ke shirya babbar gasa, kafar gwamnati ta RTN, mai Télé Sahel da Voix du Sahel, ke kan gaba wajen yaɗa ta. Gasar kwana goma ce a shekara. Ba wanda zai ciyar da iyali da aikin kwana goma, kuma babu jerin manyan wasanni na mako-mako da za su sa wata tasha ta ɗauki mai sharhi na dindindin. Gasar ƙasashen ECOWAS, wadda Yamai ta sha karɓar baƙuncinta kuma take ƙara wa 'yan kokowar Nijar fage, ita ma ta kuɓuce tun da ƙasar ta kammala ficewa daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Ta biyu harshe ne. Shekara da shekaru kujerar da ake ɗauka da daraja a talabijin ta mai Faransanci ce, galibin 'yan kokowa kuwa a gona da makarantar allo suka tashi. Sai aka wayi gari wanda ya fi kowa sanin wasan shi ne wanda ake fassara wa tambaya. Wannan hujja ta fara rauni. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci harshen aiki. Idan akwai fagen da ya kamata a fara ganin tasirin wannan mataki ba tare da an kashe ko dala wajen buga littattafai ba, to filin kokowa ne, inda kirari da kiɗa da zagi da addu'a duk da Hausa da Zabarmanci ake yin su tun asali.

Amsa ta uku ita ce mafi wuyar faɗa, kuma ta fi sauran zurfi. A al'adar filin kokowa, magana tana da masu ita. Makaɗi ne ke kiran sunan ɗan kokowa da na ubansa da na garinsu har tsikar jikinsa ta tashi, shi ya sa sunan Sagalo ya zauna a bakin masoya kokowar Nijar kamar yadda na Ɗan Anace ya zauna a dambe. Maroƙi ne ke shelar wanda ya yi kari da nawa ya bayar. 'Yan cali-cali ne ke kwaikwayon yadda aka yi kaye su ba mutane dariya. Shi ɗan kokowa bakinsa na kirari ne kawai: ya fito tsakar fili, ya ɗaga hannu, ya faɗi ko shi wane ne, ya koma. Bayan wannan sai shiru, domin namiji ba ya yawan zance, kuma yabon kai jahilci. Don haka zakaran da ya ɗauki makirufo yana magana ana biyansa, a idon wasu dattawan ƙauyensu ya sauko daga matsayin wanda ake yi wa kiɗa zuwa sahun masu roƙo. Wanda bai san ƙasar Hausa ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne ga mutumin da zai aurar da 'ya'yansa a garin.

Sai kuma batun asiri. Rabin shirin ɗan kokowa a wurin malamai da bokaye yake: layu, guraye, rubutun sha, abin da ake binnewa, ƙofar da za a shiga da wadda ba za a bi ba. Duk wanda ya yi zamani a fili ya san ma'anar abin da ɗan kokowa ke yi idan ya tsuguna ya shafi ƙasa ko ya ƙi miƙa hannun dama. Ya sani, amma ba zai faɗa a rediyo ba, don wanda ya ba shi nasa yana raye, ƙanensa ma yana kamawa. Mai sharhin da zai yi shiru kan rabin abin da ke faruwa a gabansa, an rage masa kaifi tun kafin ya fara.

Akwai ma masu cewa gara a bar abin yadda yake. Hujjarsu ita ce kokowa a Nijar ba wasa ba ce kawai, ma'auni ce ta martabar jihohi, kuma tsohon ɗan kokowar Dosso ba zai iya yin adalci ba idan ɗan Dosso na kame da ɗan Tahoua. Kalma ɗaya mai nuna son kai a tashar ƙasa tana iya zama abin faɗa a tashoshin mota na wata guda. Wannan damuwa tana da tushe. Sai dai ƙwallon ƙafa ta daɗe da magance ta: a zaunar da biyu daga ɓangarori daban-daban, ɗan jarida a tsakiya. Kuma 'yan kokowa da dama sun wakilci jihohin da ba a can aka yanke musu cibiya ba, sun san ciki da wajen sansani fiye da ɗaya.

Abin da mai kallo ke asara

Karon manya yakan ɗauki mintoci ba wanda ya faɗi. Mutum biyu sun sunkuya, goshi da goshi, hannu na neman hannu. Ga wanda ke kallo a waya, ba abin da ke faruwa. Mai sharhi sai ya cike gurbin da gaishe-gaishen manyan baƙi da jero sunayen waɗanda suka ba da kyauta. Amma a cikin waɗannan mintoci ne ake yin kokowar: wane ne ke ɗora wa wani nauyi a wuya don ya gajiyar da shi, wane ne ya matsar da ƙafar hagu baya saboda tsoron taɗiya, wane ne ke ja da baya da gangan don abokin karonsa ya biyo shi ya buɗe ƙugu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wanda aka taɓa ɗauka sama aka maka da ƙasa saboda ya saki gwiwar hannu na daƙiƙa ɗaya, shi ne zai iya cewa "ku dubi hannun nan" kafin kayen ya zo.

Haka batun alƙalanci. Tun da aka shigo da agogo da gargaɗi, karo da dama ba da kaye suke ƙarewa ba, da yawan gargaɗin da aka ba wanda ake ganin yana gudun kamu suke ƙarewa. Nan ne rigima ke tashi kusan kowace shekara, magoya baya su ce an yi musu fashi, faifan bidiyo ya zagaya WhatsApp kowa da fassararsa. Muryar tsohon zakara da jama'a ke ganin girmansa, wanda zai ce wannan gudu ne ko kuwa dabara ce, za ta kashe wutar da sanarwar hukuma ba ta iya kashewa.

Masu kallon ma sun sauya. Dubban 'yan Arewa da ke ci-rani a Legas, Kwatano, Akra, Abijan, Aljeriya da Libiya ba sa zuwa fili, ta Facebook da TikTok da YouTube suke bin gasar. An dakatar da RFI a Nijar tun Agustan 2023, aka kuma dakatar da BBC na wata uku ana saura kwanaki a buɗe gasar Dosso. Gurbin da aka bari, samari masu waya ne suka cike shi, suna ɗauka daga cikin 'yan kallo suna sharhi da bakinsu, wasu da sani, wasu da hayaniya kawai. Su ne kuma ke bin tsofaffin 'yan kokowa har gida su ɗauki hira, su ɗora a shafukansu, mabiya su ƙaru, tsohon a sallame shi da na goro. Abin da Ventura ya je kotu a kansa ke nan, sai dai a nan ba yarjejeniya balle a yi maganar kaso.

A nan ne damar take, idan akwai mai ɗauka. Kujerar sharhi ta farko ga tsohon ɗan kokowar Arewa da wuya ta fito daga Yamai. Ta fi kusa da fitowa daga gidajen rediyon FM na Dogon Dutsi da na ƙananan hukumomin kewaye, waɗanda manoma ke saurare da Hausar yankin, ko daga shafin wani matashi da zai yarda ya raba abin da ya samu da dattijon da ke ba shirin nasa nauyi. Shirin mako-mako na rabin sa'a a lokacin kaka da rani, da ɗan kasuwa ɗaya mai sayar da taki ko babura da zai ɗauki nauyi, bai fi ƙarfin garin da ke kan babbar hanyar Yamai zuwa Ƙonni ba. Hukumar kokowa kuma tana iya sanya wa duk tashar da ke son nuna gasar ƙasa sharaɗin zaunar da tsohon ɗan kokowa a teburinta da biyansa, kamar yadda ake biyan alƙalai.

Lokaci ne dai ba ya jira. Matsalar tsaro ta fara taɓa dandalin da ake koyon wasan: a Yunin 2024 an kashe sojojin da ke gadin bututun man fetur a gundumar Tibiri, a Nuwamban shekarar kuma Lakurawa suka kai hari Mera da ke jihar Kebbi, a ɗaya gefen iyakar. Inda mutane ke tsoron tafiyar dare, wasan kaka na gari da gari shi ne ke fara mutuwa, tare da zaman gindin bishiyar da dattawa ke warware wa yara kokowa. Waɗanda suka kama da Salma da Kantu da Kadade a shekarun 1970, duk wanda ya rage a cikinsu ya manyanta, kuma mafi yawan abin da suka sani game da waɗancan karo ba a taɓa zaunar da su an naɗa ba.